Wa Ya Ce Bahaushe Ba Ya Kaɗaici?

Daren Alhamis da ya wuce, a inda muke zama gaban mai tsire a unguwarmu nan Jidda, na ɗauko wa abokan hira labarin wani fim da na kalla a silima tare da ɗan yayata. Fim ne na ƙasar waje, ana rubuta maganarsu da Larabci a ƙasan allo.

Mutum uku ne da ba su san juna ba suka haɗu a mota ɗaya. Akwai dattijon da giya ta raba shi da iyalinsa, ya fito neman 'yarsa da rabonsa da ita shekara 20. Akwai ma'aikaciyar jinya da ta yi kuskure a bakin aiki har aka rasa rai, abin ya tsaya mata a zuciya. Na ukunsu wani matashi ne da ya gudu daga gida. Kwana huɗu suka yi a hanya. Ranar farko ko kallon juna ba sa yi. Ranar ƙarshe kuwa kowa ya san abin da ke hana ɗan'uwansa barci.

Ban kai ƙarshe ba wani dattijo da nake ganin girmansa, Baba Alhaji, ya katse ni. Ya ce, "Kai ɗana, wannan ai ciwon Turawa ne. Su ne ba su da dangi. Ina Bahaushe ya ga kaɗaici? Ko a birnin Sin ka jefa shi, kafin la'asar ya samo ɗan garinsu." Aka yi dariya, aka koma hirar ƙwallo.

Ni dariyar ba ta zo mini ba. Kwana tara kafin wannan zama, da ni da shi da rabin mutanen da ke wurin muka kai wani bawan Allah makwancinsa. Direban gida ne, yana kwana a ɗan ɗakin nan da ake yi wa direbobi a bakin ƙofa. Masu gidan sun tafi hutu. Sai da ya kwana uku da cikawa kafin mai baƙalar layin, wato ɗan kantin kayan masarufi, ya lura bai zo sayen burodi ba. Wayarsa cike take da zaurukan WhatsApp, na 'yan garinsu, na 'yan jiharsu, na direbobi. A kwana ukun nan babu wanda ya ce, ina wane?

Don haka ga matsayina tun kafin a yi nisa. Irin wannan fim ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya fi shafarmu fiye da waɗanda suka yi shi, domin mu 'ya'yan hanya ne, kuma kaɗaicin da muke cewa na wasu ne yana kwana a ɗakunanmu. Ya kamata mu daina yi masa dariya, masu shirya fim namu kuma su yi mana namu.

Jama'a daban, aboki daban

Baba Alhaji bai yi ƙarya ba da ya ce Bahaushe ba ya rasa ɗan garinsu. Shiga Shara Mansur ko Misfala a Makka, ko Karantina a nan Jidda, za ka ji Hausa kamar kana Fagge. Har tsirenmu ya zama abincin Hijaz, Larabawa na layi suna saye da sunan sire. Amma cikar kasuwa ba ta hana mutum komawa ɗaki shi kaɗai.

Dubi gaisuwarmu. Ina gajiya? Ba gajiya. Ina aiki? Da godiya. Yaya iyali? Lafiya lau. Gaisuwa ce mai kyau, ba na so a taɓa ta. Sai dai amsarta a shirye take tun kafin a yi tambayar. Mutumin da ya tuƙa mota awa 14 zai ce maka ba gajiya. Wanda rabonsa da ganin 'ya'yansa shekara biyar zai ce lafiya lau. Kunya da kara sun koya mana rufe ciki, har muka ɗauka wanda bai yi kuka ba ba shi da ciwo.

Na wanda ke ƙasar nan ma ya fi nauyi. In ya kira gida ya ce ya gaji, za a ce masa, kai da kake kusa da Ɗakin Allah? Wayar da ake yi masa yawanci ta ƙarshen wata ce: kuɗin makaranta, kuɗin taki, bikin wance. Ba mugunta ba ce daga 'yan gida, buƙata ce ta yi yawa. Amma a hankali mutum sai ya ga ba shi ake nema ba, abin da zai aiko ake jira.

Ga baiwar Allah da ke aikatau a gidan da babu mai jin yarenta, ta shekara biyu ba ta yi hirar minti goma da kowa ido da ido ba. Ga tsohon da aka haifa a Makka, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta mutu tun da daɗewa, a Nijeriya kuma babu wanda ya san sunan kakansa. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To wanda gida ya bar shi, masauki kuma bai karɓe shi ba, me za mu kira abin da yake ji in ba kaɗaici ba?

Abin da mota ke yi wa baki

Shekara 14 ina tuƙi tsakanin Jidda da Makka da Madina, yawanci masu Umra nake ɗauka. Saboda haka da aka ce wai ƙarya ce mutum ya buɗe wa baƙo cikinsa a mota, sai na ce gani ya kori ji.

Daga Jidda zuwa Madina kilomita 400 da wani abu ne, tafiyar wajen awa huɗu. Sa'ar farko kowa na kan wayarsa. Da an wuce Rabig, dare ya yi, fitilun gari sun ƙare, sai ka ji wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Malam direba, kai shekararka nawa a nan?" Daga nan an fara.

Na daɗe ina tunanin dalili. A mota kowa gabansa yake kallo, ba a haɗa ido, kunya sai ta ragu. Sannan wanda ke gefenka ba ɗan unguwarku ba ne. Gobe zai sauka ya kama gabansa, ba zai kai maganarka gidan surukanka ba. Abin da mutum ya kasa faɗa wa matarsa ta shekara 30, sai ya faɗa wa wanda ya sani awa biyu da suka wuce.

Akwai daren da ba na mantawa. Wani magidanci a kujerar baya ya ce shekararsa 11 ba ya magana da yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan gonar gado. Ya faɗa ne kamar yana neman a ce masa yana da gaskiya. Wani dattijo Badamagare da ke gefensa, wanda a tashar suka fara haɗuwa, bai yi masa wa'azi ba. Sai da muka tsaya a istiraha, wurin hutun matafiya, shan shayi ya miƙa masa wayarsa ya ce, "Ƙanena, da wace fuska za ka yi wa Manzon Allah sallama? Kira shi da tawa, tunda bai san lambar ba zai ɗauka." Mutumin ya daɗe riƙe da wayar. Abin da na ji kawai shi ne, "Yaya, ni ne," sannan ya zaga bayan mota. Muka ƙara shayi muka jira shi, babu wanda ya ce ana ɓata masa lokaci.

Da an sa wannan a fim, na san akwai masu cewa shiri ne.

Jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018 alheri ne, yana gudun kilomita 300 a awa, ya sauƙaƙa wa tsofaffi da marasa lafiya. Amma wanda ya shiga ya san kafin ka tambayi na gefenka daga ina yake, an iso.

"Tuba ba a mota ake yin ta ba"

Wannan ita ce sukar da ta fi nauyi, kuma wani malami abokina ne ya yi mini ita. Ya ce irin waɗannan finafinai na koya wa mutane cewa da ka yi hawaye gaban baƙi, suka dafa kafaɗarka, shi ke nan an wanke ka. Ina haƙƙin wanda ka zalunta?

Yana da gaskiya, kuma ba zan kare kowane fim ba. Na ga waɗanda mai laifi ke samun sauƙi a ransa alhali wanda ya cuta yana nan cikin halin da ya jefa shi. Wannan yaudara ce. Sharuɗɗan tuba a wurinmu sanannu ne: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, sannan in haƙƙin mutum ne a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Abokin tafiya ba ya yafe abin da ba shi aka yi wa ba.

Amma na ce masa, Malam, wa ya fara haɗa tuba da tafiya? Ba Turawa ba ne. A Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na 100 da mai ibadar da ya ce masa ba shi da tuba. Da ya samu malami na gaske, bai ce masa ya zauna a ɗaki ya yi ta kuka ba. Cewa ya yi ya bar ƙasarsa don muguwar ƙasa ce, ya nufi wata inda ake bauta wa Allah, ya zauna da mutanenta. A hanya ajali ya riske shi. Aka auna, aka tarar ya fi kusa da inda ya nufa, mala'ikun rahama suka ɗauke shi. Mutumin bai ma isa ba. Fitowar da ya yi da inda ya sa gaba aka duba.

Mu ma a al'adarmu, maniyyaci kafin ya tashi sai ya bi gida gida yana neman a yafe masa. Mun san tafiya na tona abin da ke binne a zuciya.

A fim ɗin da na kalla, abin da ya sa na yarda da shi shi ne abokan tafiyar ba su ce wa dattijon an yafe maka ba. Sun raka shi ne har ƙofar gidan 'yarsa, suka tsaya daga nesa. Ƙwanƙwasa ƙofar nasa ne, buɗewa ko ƙin buɗewa nata ne. Masu cewa hali zanen dutse ne, kwana huɗu ba ya sauya mutum, nan amsarsu take. Ba a ce ya zama waliyyi ba. An ce wanda ya shekara 20 yana tsoron wata ƙofa ya samu masu raka shi gabanta.

Tsoron baƙo

Wani kuma ya ce zamanin yarda da baƙo ya wuce. Wannan ma ba zan musa ba. Mun sha jin waɗanda aka ba su kaya a filin jirgi da sunan taimako, suka tsinci kansu cikin bala'in da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ni kaina kullum ina gaya wa fasinjojina kada su karɓi jakar kowa. Amma ƙin karɓar jaka daban, ƙin sauraron mutum daban.

A Suratun Nisa'i, aya ta 36, cikin waɗanda aka umarce mu da kyautata musu akwai aboki a gefe, wanda malaman tafsiri da dama suka fassara da abokin tafiya, sannan ga ɗan hanya. An kuma ruwaito cewa da wani ya zo yabon wani mutum gaban Sayyidina Umar, cikin abin da ya tambaye shi har da ko ya taɓa tafiya da shi. Mu ne muka gaji wannan, bai kamata a ce a silima za a tuna mana ba.

Masu damuwa da cakuɗuwar maza da mata kuwa, ai in mu muka shirya, da tarbiyyarmu za mu shirya. Tun watan Yuni na 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan. Mata uku a mota daga Jidda zuwa Madina, kowace da abin da ta ƙunsa, labari ne da ya ishi awa biyu.

Hanyar da ta haife mu

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Babu al'ummar da ta fi mu labarin hanya, amma mun bar shi yana mutuwa a bakin tsofaffi.

Yaya aka yi Hausawa suka cika Sudan da Hijaz? Da ƙafa suka zo. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a, aka kashe shi a Burmi a shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage, har suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Kafinsu da bayansu kuma dubban talakawa sun bi hanyar da niyyar Hajji: Kano, Maiduguri, Fallomi wadda ita ce Injamena ta yanzu, Abashe, Janaina, Ubayyid, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko dako. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, da yawa nan suka tsaya tara kuɗin jirgi. Wasu shekara biyu, wasu goma, wasu har yau jikokinsu na can.

Akwai wani tsoho a Makka da nake kira Kawu, ba don mun haɗa jini ba. Ya haura shekara 80. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Haɗeja, yana da 13 ya ga Ka'aba. Mahaifiyarsa a hanya ta rasu, kafin su shiga Abashe. Wadda ta riƙe shi wata mata ce da suka haɗu da ita a ayari, mijinta ya sake ta don ba ta haihu ba, ta fito ita kaɗai da ƙullin kayanta. Ita ta yi masa wanka, ita ta yi masa aure daga baya. Har ta koma ga Allah Inna yake ce mata.

A ayarin kuma akwai wani ƙato da ba ya magana da kowa, shi ke saɓa Kawu a wuya in ƙafarsa ta kumbura. Sai a Jazira ya gaya wa mahaifin Kawu cewa amanar shanu aka ba shi a gida ya ci, kunya ta kore shi. Damina uku yana tsinkar auduga. Da kuɗin suka taru, ana shirin wucewa Sawakin, sai ya ce shi ba zai haye ruwa da haƙƙin mutane a wuyansa ba. Ya juya yamma shi kaɗai, ya koma biya. Kawu ya ce har yau in ya rufe ido yana ganin bayan mutumin yana tafiya.

Ku gaya mini, wane marubucin ƙasar waje ne zai ƙirƙiro abin da ya fi wannan?

Kada kuma a ce tarihi ne ya wuce. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, mutane sun cika motocin safa daga Hartum zuwa Bur Sudan, jiragen ruwa suka yi ta sauke su a nan Jidda. Ɗaliban Nijeriya sun yi kwanaki a kan iyakar Masar suna jiran a buɗe musu. Da faɗan ya kai Wad Madani a ƙarshen shekarar, sannan jihar Sinnar a 2024, jikokin waɗancan mahajjata suka sake ɗaukar ƙulli. A waɗannan motoci wanda bai san ka ba ya raba ruwan gorarsa da kai, wata ta rungumi ɗan da ba nata ba har aka sauka. Hanyar da kakanni suka bi da begen Ɗakin Allah, jikoki suka bi ta da gudun harsashi.

Ga masu shirya fim

Ina kallon finafinan Kannywood, ina jin daɗinsu, su ne ke ɗebe wa da yawanmu kewa a ɗakunan nan. Amma falo da soyayya da rikicin kishiyoyi sun samu rabonsu har sun yi yawa. In ana maganar mu mazauna nan kuwa, sau da yawa abin dariya ake mayar da mu, ɗan takari mai jallabiya da gurɓatacciyar Hausa.

In an ce kuɗi, fim ɗin hanya ba ya neman gidan bene ko taron 'yan rawa. Mota ɗaya, 'yan wasa uku da suka iya yin shiru, da marubucin da ya taɓa zama ya saurari tsoho. Hanyar Maiduguri ko ta Agadas ta isa a ɗauki abu mai yawa. Ƙofa kuma a buɗe take a nan. Bayan sama da shekara 30 babu silima, an sake buɗewa a Riyad a Afrilun 2018, kuma tun Disambar 2021 ake bikin finafinai na Bahar Maliya a Jidda, ana kawo finafinan Afirka. Ina so wata rana in zauna a kujerar nan in ji ana Hausa a allo, Larabawa na karanta fassara a ƙasa.

Na san masu cewa wannan tonon asiri ne, a nuna wa duniya wahalarmu da marasa takardunmu. Na fahimci tsoron, kuma ba na so a nuna fuskar kowa ko a jefa wani cikin matsala. Amma asirin da muke rufewa shi ne ya bar mutum kwana uku a ɗaki. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, mu kuwa mun hana kanmu abokan kukan. Yaron da ke Kano yana sayar da gonar ubansa don ya zo nan, ya cancanci ya ga ɗakin bakin ƙofa kafin ya taso. Mai karɓar saƙon ƙarshen wata ya cancanci ya ga daren wanda ya aiko.

Ni ba marubucin fim ba ne, direba ne. Abin da na iya shi na fara. Duk Juma'ar da aiki ya kai ni Makka, bayan la'asar ina zuwa wurin Kawu da goro da shayi, in ajiye waya tsakaninmu tana naɗa. Wani lokaci yakan rikita sunan gari, ya koma ya gyara. Wani lokaci yakan yi shiru har in ɗauka ya yi barci, sai ya ce, "Ɗana, na gaya maka sunan jakin Inna?"

Makon jiya mun iso Kosti, suna tsaye a bakin ruwa, karo na farko da ya ga kogi mai faɗin haka. Nan numfashinsa ya gaza. Ya ce in kashe, sauran sai Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu.